Clostridium chauvoei: Ƙwayar Cutar Harbin Daji, Asalin Sunanta da Danginta

Idan ka taɓa riƙe kwalbar allurar rigakafin harbin daji, ko likitan dabbobi ya miƙo maka takardar sakamakon gwaji, to ka ga wasu kalmomi biyu da ake rubutawa a karkace: Clostridium chauvoei. Yawancin masu kiwo ba sa tsayawa a kansu, ana ɗauka Turancin likitoci ne kawai. Amma waɗannan kalmomi biyu su ke gaya maka takamaiman abin da ke cikin kwalbar, da cutar da za ta tsare maka shanu daga gare ta, da wadda ba ruwanta da ita. Wanda bai iya karanta su ba zai iya biyan kuɗin allura ya koma gida hankali kwance, alhali garkensa a buɗe yake.

A nan za ka ga wace irin halitta ce wannan ƙwaya, yadda aka raɗa mata suna, wurin da masana suka ajiye ta a cikin danginta, da kuma yadda za ka yi aiki da wannan sani a rugarka ko gonarka.

Harbin daji a taƙaice

Sunan da muke kiran cutar da shi ya faɗi yadda take zuwa. Da yamma maraƙi lafiyarsa lau, da safe a tarar da shi yana ɗingishi ko ma ya mutu, kamar wani abu ya harbe shi a daji. A kan kwalabe da takardun Turanci za ka ga an rubuta blackquarter ko blackleg, ko BQ a taƙaice. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda takardu ke zuwa da Faransanci, charbon symptomatique za ka gani.

Ta fi kama shanu 'yan wata 6 zuwa shekara 2, kuma abin takaici, ta fi zaɓen masu ƙiba da kyan jiki. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, ƙin cin abinci, ɗingishi, da kumburi a cinya, kafaɗa, ƙugu ko wuya. Da farko kumburin na da zafi da ciwo, daga baya ya yi sanyi, fatar wurin ta bushe. In ka danna shi za ka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, saboda iskar da ƙwayar ke fitarwa a cikin tsoka. Naman wurin yakan yi baƙi-baƙi, ya yi huhu-huhu kamar soso, yana warin man shanun da ya lalace. Galibi dabbar kan mutu cikin awa 12 zuwa 48. Tumaki ma suna kamuwa, amma su yawanci ta hanyar rauni ne, kamar bayan dandaƙa ko haihuwa.

Ƙwayar da iska ke kashewa

Clostridium chauvoei bakteriya ce mai siffar ɗan guntun sanda. Tsawonta bai kai kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba, don haka sai da madubin ganin ƙwayoyin cuta ake ganinta. Babban abin da ya bambanta ta da yawancin halittun da ka sani shi ne, ba ta iya girma inda akwai iskar oksijin. Wannan iska da ni da kai da saniya muke shaƙa, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar duniya, guba ce a wurinta.

Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, shi ya fara bayyana irin wannan rayuwa a 1861. Yana duba ɗigon ruwan da ke tsami a ƙarƙashin madubi, sai ya lura ƙwayoyin da ke bakin ɗigon, inda iska ke taɓawa, sun daina motsi, na tsakiya kuwa suna ta kai da komowa. A 1863 ya ba su sunan da ake amfani da shi har yau, anarobik, wato masu rayuwa ba da iska ba.

To, abin da iska ke kashewa, ta yaya yake zama a fili shekara da shekaru? Dabararta ita ce ƙwanso. Idan wuri ya yi mata tsanani, sai ƙwayar ta dunƙule abin da take buƙata na rayuwa a cikin wani ɗan ƙwanso mai tauri, ta kwanta. Rana, fari, iska, duk ba sa yi wa ƙwanson komai, kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa. Saniya ta haɗiye shi da ciyawa ko ruwa, ya ratsa hanji ya shiga jini, ya je ya maƙale a tsoka. Nan ma zai iya zama shiru, don lafiyayyar tsoka cike take da jini mai ɗauke da oksijin. Ranar da tsokar ta ƙuje, ko ta tunkuyi, ko dukan sanda, ko doguwar kora, ko matsi a cikin mota, jini ya ragu a wurin, sai ƙwanso ya buɗe. Ƙwayar ta hayayyafa, ta zuba dafi, dafin ya kashe tsokar da ke kewaye, wurin da babu oksijin ya ƙara faɗi. Ka ga dalilin da ya sa cutar ke gudu kamar wutar daji kenan.

Yadda ake karanta sunan

Tsarin suna mai kalma biyu ya samo asali daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa shi a 1753. Kalmar farko sunan gida ce, ana fara ta da babban baƙi. Ta biyu ita ce sunan yanka, da ƙaramin baƙi. Mu mukan fara da sunan mutum sannan na gidansu, su kuwa masana gida suke fara faɗa. Bayan an ambaci sunan sau ɗaya, akan taƙaita na gidan, a rubuta C. chauvoei.

Clostridium daga harshen Girka aka ɗauko ta, ma'anarta ɗan ƙaramin mazari. E, mazarin nan na kaɗin auduga. Idan ƙwayar ta yi ƙwanso, yakan zauna a tsakiyarta ko kusa da ƙarshe, ya kumbura wurin, sai ta zama siririn tsinke mai tudu, kamar mazari da gululunsa. Adam Prazmowski, masani ɗan ƙasar Foland, shi ya kafa wannan suna a 1880. Ƙwayar da ya kafa gidan a kanta ita ce Clostridium butyricum, mai fitar da sinadarin da ke sa warin lalataccen man shanu. Wannan wari da kake ji a naman harbin daji, gadon gida ne.

Chauvoei kuwa sunan mutum ne aka mayar Latin. Auguste Chauveau, wanda ake furta sunansa kusan Shobo, likitan dabbobi ne na Faransa da ya rayu daga 1827 zuwa 1917, kuma ya shugabanci makarantar likitancin dabbobi ta birnin Liyon. Ba shi ya gano ƙwayar ba. Waɗanda suka yi aikin ne suka yi masa takwara don girmamawa.

A littattafan masana za ka ga sunan a cike haka: Clostridium chauvoei (Arloing et al. 1887) Scott 1928. Abin da ke cikin baka yana nufin Arloing da abokan aikinsa ne suka fara raɗa sunan a 1887, amma a wani gida daban, don su Bacterium chauvoei suka kira ta. Abin da ke wajen baka yana nufin Scott ne ya dawo da ita gidan Clostridium a 1928. Wato sunan na ɗauke da tarihinsa a jikinsa.

Yadda aka raba ta da ciwon saifa

Kafin shekarun 1870, a Turai ana ɗaukar harbin daji a matsayin wani nau'i na ciwon saifa. Duka biyun suna kashe shanu farat ɗaya, duka biyun mushensu na kumbura da wuri, duka biyun jini na iya fitowa ta hanci da dubura. Har yau sunan Faransanci na riƙe da wannan tsohon ruɗani, don duka biyun charbon ake ce musu, wato gawayi, sai kalmar da ke biye ce ke raba su.

A tsakiyar shekarun 1870, Bollinger da Feser a Jamus suka nuna cewa ƙwayar da ke cikin kumburin harbin daji ba irin ta ciwon saifa ba ce. Daga 1879 kuma Arloing da Cornevin na makarantar Liyon, tare da Thomas, likitan dabbobi mai aiki a karkara, suka tabbatar da gwaji cewa cututtuka biyu ne daban, kuma dabbar da ta sami kariya daga ɗaya ba ta tsira daga ɗayar ba. Su ne kuma suka haɗa rigakafin farko na harbin daji a farkon shekarun 1880. A 1889, Kitasato Shibasaburo, masani ɗan Japan da ke aiki a Balin, ya iya rainon ƙwayar ita kaɗai a ɗakin gwaji, bayan ya kore iska daga mazubin da take ciki.

Wannan rabuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ƙwayar ciwon saifa, Bacillus anthracis, tana girma a cikin iska, hasali ma sai iska ta taɓa ta take yin ƙwanso. Shi ya sa feɗe mushen ciwon saifa yake shuka cutar a ƙasa. Kuma tana kama mutum cikin sauƙi, ta fata, ta numfashi, ko ta cin nama. C. chauvoei kuwa da wuya ƙwarai ta kama ɗan Adam. Ido kaɗai ba ya raba mushen biyu a kowane lokaci, kuma ba tsohon labari ba ne: a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, bayan ya ɓulla a arewacin Ghana a watan Yuni.

Wa ke da ikon raɗa suna

A da, duk masanin da ya ga ƙwaya a madubinsa sai ya sa mata suna. Ƙwaya ɗaya takan tashi da sunaye biyar ko fiye. Ita kanta ta harbin daji an kira ta Bacterium chauvoei, an kira ta Bacillus chauvoei, wasu kuma Clostridium feseri, don girmama Feser. Da abin ya yi yawa, masana suka yi shara. Suka fitar da jerin sunayen da aka amince da su, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1980. Sunayen jinsi da suka tsallake ba su kai 2,000 ba, dubbai kuma aka watsar. Clostridium chauvoei na cikin waɗanda suka tsallake, feseri ya zama tarihi.

Yau wanda ke son raɗa wa sabuwar bakteriya suna sai ya cika sharuɗɗa. Zai raba ta da sauran ƙwayoyi ya raine ta ita kaɗai. Zai bayyana siffarta, abin da take ci, abin da take fitarwa, da zafin da take girma a ciki. Zai karanta DNA ɗinta ya gwada da na makusantanta. Zai ajiye samfurinta mai rai a ma'ajiyar ƙwayoyi biyu a ƙasashe biyu daban, inda kowane masani zai iya nema. Sannan sunan ya fito a mujallar da aka keɓe don wannan aiki, wadda ake taƙaita sunanta IJSEM.

Wannan samfuri da ake ajiyewa shi ne ma'aunin jinsin, kamar mudun da kowa ya yarda da shi a kasuwa. In aka yi gardama ko wata ƙwaya C. chauvoei ce, da shi ake gwadawa. Na harbin daji yana ajiye a Amurka da lamba ATCC 10092, a Jamus kuma DSM 7528.

Matsayinta a cikin dangi

Masana na jera halittu hawa-hawa, daga babban taro zuwa ƙarami, kamar yadda za ka ce ƙasa, jiha, gari, unguwa, gida. Ga na wannan ƙwaya:

- Daula: Bacteria
- Babban reshe: Bacillota, wanda kafin 2021 aka fi sani da Firmicutes
- Aji: Clostridia
- Sahu: Clostridiales, wanda sababbin littattafai ke kira Eubacteriales
- Zuriya: Clostridiaceae
- Gida: Clostridium
- Jinsi: Clostridium chauvoei

Ƙwayar ciwon saifa tana tare da ita a babban reshe, amma daga aji suka rabu, ita tana ajin Bacilli. Wato dangantakar nesa ce. A ƙarƙashin jinsi kuma akwai iri-iri, kamar yadda Bunaji da Rahaji da Bokolo duk shanu ne. Alhamdu lillahi, irin C. chauvoei na ƙasashe daban-daban suna kama da juna sosai, shi ya sa rigakafinta ke aiki da kyau.

Da me ake yanke wannan hukunci? Da can da abin da ido ke gani ne. Akwai rinin da Hans Christian Gram na Denmak ya ƙirƙiro a 1884, wanda ke raba bakteriya gida biyu: masu riƙe launin shunayya da masu sakinsa. Duk ƙwayar da ta riƙe rinin, ta kasance mai siffar sanda, tana yin ƙwanso, kuma ba ta son iska, sai a jefa ta gidan Clostridium. Da haka gidan ya cika da baƙi, jinsuna fiye da 100. Daga 1977, bayan aikin Carl Woese a Amurka, aka koma duba wani guntun gado da ake kira 16S, wanda kowace bakteriya ke da shi. A 1994 Collins da abokan aikinsa suka bi 'yan gidan da wannan ma'auni, suka tarar sun kasu rukuni 19, waɗansu ma ba su haɗa zuriya ba. C. chauvoei ta faɗa rukuni na ɗaya, tare da C. butyricum da aka kafa gidan a kanta. Ita 'yar gida ce ta asali, don haka ba a taɓa sunanta ba.

Waɗansu kuwa an fitar da su. A 2016 Clostridium difficile, mai sa mutane gudawa a asibiti, ta koma Clostridioides difficile, Clostridium sordellii kuma ta koma Paeniclostridium sordellii. Kamfanonin allura sukan daɗe suna rubuta tsohon suna. In ka ga sunan gida ya bambanta tsakanin kwalba da takardar gwaji, duba kalma ta biyu, galibi ita ba ta canzawa.

'Yan gidan da ke taɓa dabbobinka

Duk waɗannan ba sa son iska, duk suna yin ƙwanso, duk da dafi suke kisa. Amma kowacce da ƙofar da take shiga.

C. septicum: tana shiga ta rauni, kamar dandaƙa, haihuwa, ko allura mai datti. Kumburinta ya fi ruwa-ruwa, iskar ciki ba ta kai ta harbin daji ba. Pasteur da Joubert suka fara bayyana ta a 1877.

C. novyi: an sa mata sunan Frederick Novy na Amurka. Nau'inta na B yana kwanciya a hanta, ya tashi idan tsutsar hanta ta huda wurin. Ta fi kashe tumaki, musamman masu kiwo a fadama.

C. haemolyticum: ita ma a hanta take farawa, tana fasa jini, saniya ta riƙa jan fitsari.

C. perfringens: tsofaffin littattafai na kiranta C. welchii. Tana zaune a hanjin lafiyayyun dabbobi. Nau'inta na D ne ke kashe rago ko akuya da aka cika wa hatsi ko dusa farat ɗaya, abin da masu kiwon ragunan Layya ya kamata su kiyaye. An san nau'o'inta daga A zuwa E, a 2018 aka ƙara F da G.

C. tetani: mai kawo tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Doki da jaki sun fi saurin kamuwa, sai tumaki da awaki bayan dandaƙa. Tana kama mutum.

C. botulinum: sunanta daga kalmar Latin ta wani irin nama da ake ɗurawa a hanji, don a irinsa aka fara sanin gubarta. Emile van Ermengem na Beljiyam ya ware ta bayan wata guba da ta auku a 1895. Shanu kan samu idan suna tauna ƙasusuwan mushe saboda ƙarancin sinadarin fosfaras, ko in an ba su kashin kaji mai ɗauke da matattun kaji. Dabbar takan shanye, harshe ya zazzago.

Kama da wane ba ta wane

A cikin waɗannan duka, C. septicum ce ta fi kusa da C. chauvoei. A ma'aunin 16S kamanninsu ya kai kusan kashi 99 cikin 100, kuma a madubi da ƙyar ake raba su. Amma jinsi biyu ne, dafinsu daban, kuma rigakafin ɗaya ba abin dogaro ba ne a kan ɗayar.

A ɗakin gwaji akwai hanyoyin rabewa. Akan ba su sukari iri-iri: C. chauvoei tana cin sukarin rake, C. septicum ba ta ci, ita kuma tana cin wani sinadari da ake kira salisin wanda C. chauvoei ba ta taɓawa. A kan faifan raino, C. septicum takan malale ta rufe ko'ina. Akwai kuma wani rini mai ƙyalli da ke manne wa jinsi ɗaya kawai, da gwajin PCR mai karanta DNA kai tsaye.

Ga inda abin ya shafe ka. C. septicum na zaune a hanjin dabbobi, kuma da zarar dabba ta mutu takan bazu cikin nama, balle a zafinmu. Tana kuma girma da sauri fiye da C. chauvoei. In aka ɗauki samfuri bayan mushe ya kwana ya yini, gwaji zai iya nuna C. septicum alhali harbin daji ne ya yi kisan. Saurin kiran likita shi ne ke sa a sami sunan gaskiya.

Abin da za ka yi da wannan sani

1. Karanta jikin kwalba. Nemi kalmar chauvoei da idonka. Akwai allura mai jinsi ɗaya, akwai mai haɗa 7 ko 8 ko 10. Lambar kaɗai ba ta isa ba, duba jerin sunayen. Abin da ba a rubuta ba, ba ya ciki.

2. Kada ka ɗauka allurar harbin daji ta rufe ciwon saifa, ko ta ciwon saifa ta rufe harbin daji. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin su a kwalabe daban-daban, har da Hantavac da aka yi don C. novyi. A Nijar, LABOCEL da ke Yamai ke haɗa alluran dabbobi. A takardar Faransanci, symptomatique shi ne harbin daji, bactéridien shi ne ciwon saifa.

3. Yi allura kafin damina ta kankama, don cutar ta fi yawa lokacin da ruwa ke tono ƙasa, ciyawa ta yi kyau, maruƙa suka murmure. Jiki na buƙatar kimanin mako 2 kafin kariya ta kafu. Yawancin alluran da ke haɗa jinsuna da yawa suna son a maimaita wa maraƙi bayan mako 4 zuwa 6, sannan sau ɗaya kowace shekara. Bi abin da ke rubuce a takardar allurar da shawarar likita.

4. Ajiye allura a sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, kada rana ta dake ta. Ta harbin daji matacciyar ƙwaya ce a ciki. Ta ciwon saifa kuwa mai rai ce da aka raunana, don haka in ka haɗa ta da allurar fenisilin ko makamanciyarta a lokaci ɗaya, ka kashe rigakafin da hannunka.

5. In ka ga ɗingishi da kumburi mai ƙaras-ƙaras, kira likita nan take. Fenisilin na kashe C. chauvoei, amma sai an yi shi da wuri sosai, kafin dafi ya gama aiki. Sau da yawa amfanin zuwan likita shi ne ceton sauran garken: a yi musu allura, a ɗauke su daga wannan makiyaya.

6. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, kada ka feɗe, kada ka ja ta a ƙasa, kada a ci, kada a sayar wa mahauta, kada a bar wa karnuka da ungulaye. Ɗauke ta a matsayin ciwon saifa har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Likita zai fara ɗaukar ɗigon jini daga kunne, in ya tabbatar ba saifa ba ce sannan ya yanki tsokar da ta kumbura.

7. Ƙona mushen ƙurmus, ko a binne shi a rami mai zurfi, kimanin mita 2, nesa da rijiya, mashaya da hanyar ruwa. Kowane mushen harbin daji da aka bari a fili, ƙwanso ne aka zuba wa maruƙan baɗi da na baɗin waccan.

8. Rubuta sunan da gwaji ya nuna, da kwanan wata, da wurin da dabbar ta yi kiwo. Cutar na bin ƙasa, inda ta taɓa ɓulla takan dawo. Gaya wa maƙwabtan da kuke haɗa makiyaya da mashaya, a kuma sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na yankinku.

In ka je sayen allura ko ganin likita, faɗi harbin daji yadda ka saba, sannan ka nuna masa sunan a rubuce. Ko furucin ya yi maka nauyi, rubuta chauvoei a takarda ko a wayarka ka riƙa gwadawa da jikin kwalba kafin ka biya kuɗi.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a kiwo.